Shekarar da Muka Makara da Dashen Albasa

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa jin haushin haka ba. Ni ne ɗan farinsa. A ƙauyenmu, can gefen fadama kusa da Kwargaba, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yi masa magana kai tsaye sai in dole ta kama. In Baba yana son buta ina tsaye a gabansa, sai ya dubi bango ya ce, "Da akwai mutum kusa, da an miƙo buta." Sai in miƙa, shi kuma ya gode wa bango. In magana ce mai nauyi, akwai wanda yake ɗauka tsakaninmu, wato maƙwabcin lambunmu, abokin Baba tun suna yara, wanda nake kira Kawu. Abin da Baba yake so in ji, Kawu yake gaya wa. Abin da nake so Baba ya ji, Kawu nake gaya wa. Haka muka zauna shekara ashirin da wani abu, kuma ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba.

Shekarar da nake son in ba da labarinta, Baba ya shiga kaka da tari. Tun tsakiyar damina ya same shi, ruwa ya doke shi a gona, tarin ya zauna masa a ƙirji ya ƙi tafiya. Wanzami ya yi masa ƙaho har sau biyu. Inna ta dafa duk wani sassaƙe da aka kwatanta mata. Kowa ya faɗi magana ɗaya, cewa in tsohon nan yana son ya ga wata daminar, to bana kada ya taɓa ruwan sanyi. Ni na ji wannan magana da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Da ruwa ya janye daga fadama na yafa irin albasa a gefen rijiyar lambu kamar yadda muka saba. Ya tsiro da kyau, kore shar. Irin albasa kwana arba'in yake so, ko da ɗan ɗori, sai a cire shi a dasa tun yana siriri kamar tsinken tsintsiya, don ya sami sanyin ɗari gaba ɗayansa ya yi kai kafin zafi ya shigo. Kwanansa ashirin da tsirowa yaron mai gari ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Nasara yana son mutane aikin hanyar mota wajen Rabah, an yanka wa kowane gari adadinsa, sunana yana ciki. Na ce masa matata ta haihu kwana tara da suka wuce, ubana yana kwance, iri yana ƙasa. Ya ce shi ɗan aike ne, kuma kwana talatin ne kawai.

Wata biyu da 'yan kwanaki muka yi. Ba zan tsaya ba da labarin aikin ba, don duk wanda ya ɗauki kwandon tsakuwa a ka daga hantsi zuwa la'asar ya san shi, wanda bai ɗauka ba kuma ko na faɗa ba zai ji nauyin ba. Baturen da ake yi wa aikin sau uku na gan shi. Kullum ina tafe da kwando a ka ina lissafin kwanakin irina, ina zagin wanda ya ƙirƙiro mota a cikin raina.

Ran da na dawo ban shiga gida ba sai da na bi ta fadama. Lambunan mutane duk sun rufe, albasarsu ta kai gwiwa, wasu har ƙasa ta fara tsagewa a gindinta. Namu yana nan fayau, busasshiyar laka ta daddare, sai ɗan gurbin irin nan a bakin rijiya. Kawu ne ya riƙa ba shi ruwa don kada ya mutu, Allah ya saka masa. Amma iri ya tsufa. Ya yi kauri kamar ɗan yatsa, ya cunkushe, ganyen ya kwanta a kan juna, wasu har sun fara ɗaura ɗan kai a inda suke. Na tsuguna na ciri ɗaya na duba. Kawu ya zo ya tsaya a kaina.

"Sannu da dawowa. Ka gani dai da idonka," in ji shi. "Irin ga ya wuce dashe. Ɗari saura kaɗan shi ƙare. In ka dasa yanzu, ganye za ka samu, ba albasa ba."

Na san gaskiya ya faɗa. Da zan haƙura. Amma da yamma, ban ko gama wanke ƙurar hanya daga jikina ba, sai ga yaron mai garin nan, shi dai wanda ya ɗebe ni. Ya gaishe ni da dawowa kamar daga biki nake. Sa'annan ya ce mai gari ya ce a tuna mini al'ada. Ƙasar fadama ba a barinta kwance. Wanda ya bar wurinsa rani guda bai dasa komai ba, an ba wani. Akwai masu so, har mutum biyu sun yi magana. In wata ya tsaya lambunmu bai yi kore ba, shi ke nan.

Na ce, "To wa yaɗ ɗauke ni daga bakin lambun? Aljanu?"

Ya ce shi ɗan aike ne.

Da ba don Inna ta riƙe mini riga ta baya ba, da na aika shi da saƙon da zai kai a fuskarsa. Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba, har yau da na tsufa ba ta gama kwanciya ba. Wurin nan kakana ne ya sare shi. Rijiyarsa ba ta ƙafewa har bazara. Na rantse a tsakar gida cewa ko tsinke ne sai na dasa, in ya so kada ya yi kai, amma ba mai taka mini lambu. Baba yana ɗakinsa a gaban wuta, ƙofa a buɗe. Tari kawai ya yi.

Kwana goma sha uku suka rage wata ya tsaya. Kwana biyu na yi ina fasa ƙasa ina tayar da fangali, su ne 'yan ɗakunan da ake yi wa ƙasa da kunya kewaye don ruwa ya tsaya a ciki. Fangali sittin da huɗu lambunmu yake ci. Matsalar ita ce dashe aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kan jigo yana ɗebo ruwa daga rijiya yana zubawa a hanya, ɗaya yana cikin fangali yana cusa iri a laka tun ruwa bai tsotse ba. In kai kaɗai ne, kafin ka sauko daga jigo ka dasa layi biyu ƙasa ta shanye, sai ka koma. Ranar farko fangali biyu da rabi na yi, tun daga sallar asuba har rana ta faɗi. Ba sai an kira malami ya buga ƙasa ba, na san ba zan gama ba.

Na nemi taimako ban samu ba. Sa'o'ina duk tare aka ɗebe mu, kowa ya dawo ya tarar da nasa aikin ya yi masa tsaye. Gayya tana son tuwo, rumbunmu kuwa ba na kiran jama'a ba ne a shekarar. Matata tana jego. Ƙannena mata ne, suna gidajensu a wasu garuruwa. Kawu tsoho ne shi ma, kuma shi kaɗai yake fama da nasa ban ruwan.

Kashegari ina kan jigo, gari bai gama wayewa ba, na hango mutum yana gangarowa a hankali, lulluɓe da gwado, da sanda. Tun daga tafiyar na gane shi. Ya zo ya wuce ni kamar bai ga kowa ba, ya tsaya a kan gurbin iri, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗaga murya wajen lambun Kawu.

"A ce ma mai jigon ga, ba a dasa tsohon iri da ganyenai duka. A yanke rabi. Saiwa ma a rage ta."

Kawu ya taso da sauri. "Kai kuma mi yak kawo ka? Ba an ce ka zamna gaban wuta ba?"

"Kallo niz zaka yi," in ji Baba.

Ya ninke gwadonsa ya ajiye a kan kunya, ya naɗe wando, ya fitar da 'yar wuƙarsa. Ya shiga fangali.

Ruwan rijiya da safe macuci ne. Da ɗumi yake fitowa, har tururi yake yi, sai ka ce an dafa maka shi. Amma da ya bazu a fangali iska ta bi ta kansa, sai ya koma kamar ana yanka ka da reza. Yatsu su ƙage, ƙafa ta mutu, faso ya buɗe baki yana jini ba ka ko sani ba. A ciki Baba ya tsuguna. Ni kuma na ci gaba da jan guga. Na gaya wa kaina cewa ba wurina ba ne in ce wa ubana ya fita, ɗan fari ba ya buɗe baki a gaban mahaifinsa. Ranar mun yi fangali bakwai.

Ban taɓa ganin mai dashe kamarsa ba, wannan kam sai in faɗa. Ba ya duban hannunsa. Ya kama iri da hagu, ya cusa da babban yatsan dama, ya danne, ya matsa, tazarar nan ɗaya kamar an auna da kara. Yana yi yana magana da iska. "Ruwan ga ya yi yawa." Sai in sassauta. "Wani dai barci yaka yi bisa jigo." Sai in ƙara hannu. Wani lokaci har dariya takan kama ni in juya baya. In na faɗi gaskiya, ban taɓa jin kusa da shi ba kamar a kwanakin nan, kuma wannan yana cikin abin da ya sa na ƙi ganin abin da yake gabana.

Inna ta yi faɗa ranar farko har maƙwabta suka ji. Baba ya ce mata zama kawai yake yi a kan kunya yana nuna yadda za a yi. Kafin mu hau gida yakan wanke ƙafafunsa tas, ya zauna a rana wandonsa ya bushe. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ba ta tambaye ni ba a lokacin.

A rana ta huɗu tarin ya sake murya. Da can daga maƙogwaro yake fitowa, yanzu ya koma can ƙasa, in ya kama shi sai ya dafa laka da hannu biyu har ya wuce. Wajen hantsi ya yi wani mai tsawo, ya tofar a kan kunya. Daga kan jigo na ga abin da ya tofar, ja ne. Ya sa hannu ya ɗebo laka ya shafe wurin. Da ya ɗago, idonmu ya haɗu, abin da ba ya faruwa. Shi ya fara kawar da kai. Ya ɗauki wani damin iri ya ci gaba, ni ma na saki guga cikin rijiya. Fangali talatin da uku suka rage.

Da azahar Baba ya tafi gindin wata ƙirya yin salla, sai Kawu ya kira ni bayan rijiyarsa. Bai yi kwana-kwana ba.

"Ka ga abin da nig gani?"

Na ce na gani.

"Na yi mishi magana sau ukku, bai ji ba. Uwarka ta yi, bai ji ba. Ba shi jin kowa, don ya ga kana bukatatai. Amma in nic ce mishi kai ka aiko ni, ka ce ka gode, sauran kana iyawa kai ɗai, wallahi yanzun ga shina ɗaukar gwadonai shi hau gida. Ka san shi. Bai taɓa maido saƙonka ba."

Haka ne, bai taɓa ba. Kunyar da take tsakaninmu ba ta hana magana isa inda za ta, tana da hanyarta, ga ta kuwa tsaye a gabana da furfura tana jiran in ce je ka. Na dubi lambu. Rabi ya yi kore, rabi baƙar ƙasa. Na tuna fuskar yaron mai gari. Na lissafa kwanakin da suka rage da abin da hannuna kaɗai zai iya, lissafin bai fita ba.

Na ce, "Kawu, bari dai mu kai ga bakin hanyar ruwan can. Gobe sai ka hwaɗa mishi."

Ya daɗe yana kallona. Sa'annan ya ce, "To," ya koma kan aikinsa.

Gobe ta yi, na ce jibi. Bai sake tambayata ba bayan wannan. Abin da ya yi shi ne ya bar nasa ban ruwan rabin yini yana zuwa ya tsuguna kusa da Baba, suna dashe tare, don a gama da wuri. Albasarsa ta sha ƙishi saboda mu. Ba ya yi mini magana sai gaisuwa.

Rana ta tara muka dasa fangali na ƙarshe, da sauran kwana ɗaya wata ya tsaya. Baba ya miƙe da ƙyar, ya dubi lambun daga wannan gefe zuwa wancan. Tsohon iri da aka yanke wa kai ba shi da kyan gani, tsaye yake cirko-cirko kamar gemun da aka yi wa mugun aski. Amma kore ne, ba mai cewa ƙasar nan kwance take. Ya ce wa Kawu, "To, su zo su ɗauka mu gani." Ya yafa gwadonsa. A hanyar hawa gida sau uku yana tsayawa. Na bi shi a baya da tazara kamar yadda na saba. Na so in kama masa hannu, ban kama ba.

Kashegari bai fito salla ba. Zazzaɓi ya rufe shi, haƙarƙarinsa na dama ya riƙe, in zai ja numfashi sai ya runtse ido. Aka kira wanzami, aka kira liman. Ni kuwa sabon dashe ba ya kwana biyu ba ruwa, don haka kullum da safe ina kan jigo, ni kaɗai, ina ba albasa ruwa ubana yana can yana fama da numfashi. Rana ta biyar da hantsi ina cikin jan guga na ga Kawu yana gangarowa daga gari ba hula a kansa. Bai ƙaraso ba na saki igiyar.

An bar mana lambu. Mai gari da kansa ya zo gaisuwa, ya ce marigayi mutum ne mai himma. Albasa kuma ta yi abin da Kawu ya ce za ta yi. Zafi ya shigo tana tsakiyar girma. Wadda ta yi kai ba ta wuce goro ba, sauran duk wuya ne mai kauri da ganye. Na kai kaya ɗaya kasuwar Goronyo a kan jaki, masu saye suna ɗagawa suna dariya, wani ya tambaye ni ko tafarnuwa ce. Ganyen matata ta daka ta yi gabu, muka yi shekara muna sa shi a miya. Ko ƙanshinsa ba na so har yau.

Inna tana cikin takaba ta sa aka kira ni ɗakinta. Da rana ne, Kawu ya shigo gaishe ta, yana zaune daga bakin ƙofa. Ta rame ƙwarai. A lokacin ta riga ta ji daga bakin matan da suke zuwa ɗiban ruwa cewa ba a kan kunya Baba ya zauna ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abu guda nika son in sani," in ji ta. "Da kag ga shina shiga ruwa, ka aika a ce mishi shi koma gida?"

Na ji Kawu ya gyara zama a bayana.

Na ce, "Na aika, Inna. Ya ƙiya."

Ta juya wajen ƙofa. "Hakanan na?"

Kawu ya dubi ƙasa. Sa'annan ya ce, "Kin dai san halin mutuminki."

Ta gyaɗa kai, hawaye suka zubo mata. "Na sani. Taurin kai. Wanga mutum ko ɗiyan cikinai ba shi saurare." Ta miƙo hannu ta dafa kaina, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina ƙarami, ta ce kada in sa wa raina damuwa, na yi iyakar abin da ɗa zai yi.

Kawu ya rasu bayan shekara shida, bai taɓa tayar da zancen ba, ko da ni. Inna kuwa ta yi shekara ashirin da biyu bayan Baba. Ta ga 'ya'yana sun girma a kan albasar lambun nan, har na fari ya fara hawa jigo. Tana son ba su labarin kakansu, kuma duk ran da ta fara, nan take ƙarewa. Takan ce mutumin kirki ne, amma taurin kansa ne ya kashe shi, ubanku ya aika masa ya fito daga ruwa ya ƙi. Sau da yawa ina zaune a wurin take faɗa. Yaran sukan juyo su dube ni, ni kuma in ce haka aka yi.